Gani Ya Kori Ji: Tarihin Injin Ruwa da 'Yar Fitilar da ke Shaidar Aikinsa a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A jikin akwatin makunnin rijiyar burtsatse, irin wanda ake mannawa a bangon gidaje da masallatai da makarantun Funtuwa da Malumfashi, akan ga wasu 'yan ƙananan fitilu, ja da kore, wani lokaci har da ruwan ɗorawa. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin haƙa rijiyar, ko na injin da aka zura cikinta. Wataƙila shi ya sa su ne abin da ake fara tsallakewa idan aljihu ya yi rauni, kuma idan ɗaya ta mutu sai a shekara ba a sake ta ba. Amma a duk kayan da aka haɗa aka yi rijiyar, waɗannan fitilun ne kaɗai ke iya gaya wa mai gida abin da ke faruwa a can ƙasa, mita talatin ko hamsin daga tafin ƙafarsa, inda ido ba ya kaiwa, kunne kuma ba ya ji.

Yadda aka yi har mutum ya koma dogaro da ƙwan fitila don sanin halin da ruwansa ke ciki labari ne na kusan shekara ɗari. A duk lokacin da mutanen wannan yanki suka sami sabuwar dabarar ɗago ruwa, sun sami sauƙin wahala, amma sun yi nesa da ruwan, kuma sun rasa wata alama da a da take sanar da su kome ba tare da sun tambaya ba. Fitilar yunƙuri ne na dawo da wannan sanin. Sai dai, kamar yadda za mu gani, ba kowace fitila ce ke faɗin gaskiya ba, kuma bambancin yana ga inda aka ɗaura wayarta.

Lokacin da jiki ke ba da labari

Kudancin jihar Katsina ƙasar damina ce. Ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma daga tuddan Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya faro. Da zarar kaka ta wuce, sai rafuka su fara janyewa, rayuwa ta koma ga rijiya da fadama. Tun kafin zuwan Turawa masu lambu na shuka albasa da rake da barkono da taba a gefen rafi, suna ban-ruwa da ƙwarya ko da jigo.

Jigo tsohuwar dabara ce ƙwarai, domin akwai zanensa a kaburburan Masar da suka haura shekara 3,000. Doguwar sanda ce a kan ginshiƙi, guga a gaba, curin laka ko dutse a baya. Mai lambu ya ja igiya ƙasa, nauyin baya ya taimaka masa ɗago gugan, ya juye a kwata, ruwa ya bi ya shiga fangali. Aiki ne mai cin ƙashi, kuma ƙarfin mutum ɗaya ba ya wuce ɗan ƙaramin lambu. Amma akwai abu ɗaya da mai jigo bai taɓa rasawa ba, wato sanin halin ruwansa. Nauyin guga a kafaɗarsa ya ishe shi labari. Idan ruwa ya ja baya, igiya za ta nemi ƙari. Idan ido ya kusa ƙafewa, laka za ta biyo gugan. Haka ma matar da ke jan wasaki a rijiyar unguwa: daga ƙarar faɗuwar guga ta san ko yau za a cika tulu ko sai an jira ruwa ya taru.

A wannan zamanin injin da mai lura da injin mutum ɗaya ne, don haka tambayar ko famfo yana aiki ba ta ma taso ba. Kuma dabarar tana da birkinta na ɗabi'a: mutum yakan gaji kafin rijiya ta gaji.

Ƙarfe ya iso

Injin ruwa ya shigo yankin ne a bayan auduga da jirgin ƙasa. Ƙungiyar auduga ta Ingila da aka fi sani da BCGA, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Jirgin wancan lokaci da tururi yake tafiya, kuma ba ya rabuwa da ƙishirwa, don haka tashoshi suka zo da tankuna da injinan tura musu ruwa. Amma waɗannan kayan hukuma ne da kamfani, kowane inji da ma'aikacin da aka ɗauka musamman don ya tsaya a kansa. Manomi yana ganinsu daga nesa, shi kuwa yana nan da jigonsa.

Bayan farin 1972 zuwa 1974 ne gwamnati ta juyo da hankalinta ga ruwan karkara gadan-gadan. A 1975 aka ƙaddamar da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Su ukun nan ne na farko a irinsu a Nijeriya, kuma daga gare su aka kwaikwayi hukumomin bunƙasa noma da daga baya kowace jiha ta mallaka. Shirin Funtuwa ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, a lokacin suna ƙarƙashin jihar da aka raɗa wa suna Kaduna a 1976, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina. Ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, ya gina hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da kayan noma da ƙananan madatsun ruwa na ƙasa.

Ƙarfin shirin ya fi karkata ga noman damina, amma ya bar abubuwa biyu da suka shafi labarinmu. Na farko, ruwan da aka tare a madatsu da hanyoyin da suka haɗa ƙauye da kasuwa sun sa noman rani ya zama abin da za a iya zuba wa jari. Na biyu, shirye-shiryen uku sun zo da wani ofishi a Kaduna mai suna APMEPU, wanda aikinsa shi ne bin sawu da auna sakamako: a shiga gona a auna amfanin da aka girbe, a shiga gida a yi tambaya. Ma'anar wannan ita ce masu ba da rancen sun fahimci cewa kashe kuɗi daban, samun amfani daban, kuma wanda ke zaune a Washington ko Legas yana bukatar abin da zai nuna masa na biyun. Mu riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Zamanin kunne

Ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, mai bakin inci biyu ko uku, ya bazu a fadamun Arewa a shekarun 1980, lokacin da hukumomin noma na Kano da Bauci da Sakkwato suka riƙa yaɗa shi tare da dabarar huda gajerun rijiyoyin bututu a fadama. Shirin Fadama na ƙasa, wanda zagayensa na farko ya fara aiki a farkon shekarun 1990, ya ƙara masa ƙaimi, har zagaye na uku ya game jihohin ƙasar gaba ɗaya. Kasuwa kuma ta ƙarasa aikin: bayan Honda na Japan, sai injinan Sin masu rahusa suka cika shaguna. A kan takarda, mai inci uku yana iya tura kusan lita 1,000 a minti ɗaya, abin da mai jigo zai daɗe yana fama bai tara ba. Tumatirin Ɗanja da rakenta, da lambunan da ke kewaye da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi, duk a kan bayan wannan ɗan inji suka girma.

Injin yana da iyaka wadda ba kamfani ne ya sa masa ba. Tun a ƙarni na 17 masu haɗa famfo a birnin Fulorans na Italiya suka lura cewa famfon zuƙo ba ya iya ɗago ruwa fiye da kimanin mita 10, sai Torricelli, almajirin Galileo, ya bayyana dalili a wajajen 1643: nauyin iskar da ke danne saman ruwa ne ke tura shi cikin bututu, kuma ƙarfin wannan dannawa iyakarsa ke nan. A aikace, mita bakwai zuwa takwas ne, har ma ƙasa da haka a tudu irin na Funtuwa. Shi ya sa wannan inji ɗan fadama ne, inda ruwa ke kusa. Shi ya sa kuma a tsakiyar bazara ake ganin manomi ya haƙa rami ya saukar da injinsa ciki, yana bin ruwa ƙasa.

A nan ne jiki ya daina ba da labari, kunne ya karɓi aikin. Duk wanda ya yi noman rani ya san muryoyin injinsa. Idan yana jan ruwa sosai, ƙararsa mai nauyi ce, a daidaice. Idan tiyon zuƙo ya sha iska, ko ruwa ya ja baya, nauyi ya sauka daga kansa, sai murya ta yi sama, ta koma kamar kuka. Manomi yana can ƙarshen gona yana buɗe fangali da fartanya, amma da ya ji wannan canji sai ya yar da ita ya ruga, domin ya san idan injin ya ci gaba da juyi babu ruwa, hatimin da ke tare ruwa a gindin fankarsa zai yi zafi ya lalace. Zai kashe, ya sake ɗura wa injin ruwa, ya duba tiyo, sannan ya ja igiya. Yaran gida ma da wannan ilimi suka tashi, ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba. Akwai kuma birki na biyu: fetur yana ƙarewa, don haka ko an manta da injin, shi da kansa zai yi shiru.

Injin ya shige ƙasa

Ruwan sha ya bi tasa hanyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 a matsayin shekarun samar da ruwan sha, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986, daga baya asusun PTF ya zo a zamanin Abacha, kowanne ya haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara. Akasarinsu famfon tuƙa-tuƙa aka ɗora musu, irin su India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da taimakon UNICEF. Tuƙa-tuƙa ya warware matsalar zurfi, domin abin da ke tura ruwan yana can ƙasa cikin ruwan, amma bai raba mutum da labari ba. Hannun mai bugawa yana jin nauyi ko sakayau.

Wanda ya raba su shi ne injin lantarki mai nutso, wanda ake kira sumo. Asalinsa daga rijiyoyin man fetur ne: wani injiniya Ba'armeniye, Armais Arutunoff, ya ƙera injin da zai iya aiki a nutse, kuma a ƙarshen shekarun 1920 aka fara amfani da shi a rijiyoyin mai na Amurka. Ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi arhar da malamin makaranta ko ɗan kasuwa a Funtuwa zai iya zura shi a tsakar gidansa, amma da ruwan famfon gwamnati ya gaza bin girman gari, sumo da tankin roba a saman ƙarfe suka zama alamar gidan da ya sami rufin asiri, suka kuma zama jarin masu sayar wa 'yan ga-ruwa.

Sumo ba ya ƙara a kunnen na sama. Ruwan da yake turawa a cikin rufaffen bututu yake tafiya, ya hau tankin da ba a ganin cikinsa. Kuma ruwan da ke wucewa ta jikinsa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma man da ke sa kayan cikinsa juyi babu gogayya. Idan ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa, zai ci gaba da juyi a bushe, fankokinsa, waɗanda galibi na roba ne, su yi zafi su narke, naɗin wayar da masu gyara ke kira kwayil ya ƙone. Mai gida ba zai sani ba sai washegari, da aka murɗa famfo aka ji iska.

Wannan haɗari ya fi tsanani a ƙasar Funtuwa da Malumfashi saboda irin abin da ke ƙarƙashinta. Ba kamar Sakkwato ko Barno ba, inda akwai shimfiɗun yashi masu riƙe ruwa da yawa, nan tsohon dutse ne mai tauri. Ruwa yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma cikin tsagoginsa. Rijiyoyi da dama a irin wannan ƙasa ba sa ba da lita ɗaya a daƙiƙa. Wannan ya wadaci tuƙa-tuƙa, amma sumo yana iya zuƙa fiye da yadda dutsen ke tsattsafowa.

Mu ɗauki misali da lissafi. A ce rijiya tana tsattsafo lita 1,500 a awa, aka zura mata injin da ke jan lita 3,000. Giɓin lita 1,500 ne a awa, wato lita 25 a minti. Bututun rijiya mai faɗin inci biyar yana ɗaukar kimanin lita 12 a kowace mita. Idan akwai mita 20 na ruwa a saman injin, ajiyar lita 240 ke nan. A cikin kusan minti goma injin zai cinye wannan ajiya ya fara shaƙar iska. A watan Satumba, da ƙasa ke ƙoshe, ƙila ba a ga matsala ba. A watan Afrilu ne asiri ke tonuwa. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A nan kuwa guga ne ya fi ƙarfin rijiya, kuma shi ne ke halaka.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Inda ruwa ke da yawa, injin da aka manta da shi yakan cika tanki ya yi ta ambaliya har asuba, ruwa ya jiƙa gindin gini, wutar da aka saya ko man janareta ya tafi a banza.

Inda ake ɗaura waya

'Yan Nijeriya ba baƙin fitilar shaida ba ne. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, duk gidan da ke da janareta ya san ɗan ƙwan nan da ake bari a layin gwamnati don ya nuna an kawo wuta. Kuma abin da ya sa irin waɗannan fitilu suka yi arha shi ne 'yar fitilar LED, wadda Nick Holonyak ya ƙera samfurinta mai jan haske a kamfanin General Electric a 1962. Ba ta cin wuta, ba ta saurin mutuwa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikinta a kan injin ruwa ita ce a dubi inda matsalar ta fi ƙanƙanta. A Turai akwai 'yan ɗakunan kwana masu tayu da ake ja da mota a tafi yawon hutu. Kowanne yana da ɗan tankin ruwa da ƙaramin inji mai aiki da batirin bolt 12. Injin yana tashi da kansa idan aka buɗe famfo, domin matsin ruwa ya ragu, ya kuma tsaya idan aka rufe. Idan akwai yoyo a wani wuri, ko tanki ya ƙare, matsin ba zai cika ba, sai injin ya yi ta aiki har batiri ya mutu ko shi ya ƙone. Maganin da masu irin waɗannan ɗakuna ke yi shi ne su ƙara 'yar LED, tare da ɗan abin rage ƙarfin wuta don kada ta ƙone, su ɗaura ƙafafunta biyu a kan wayoyi biyun da ke shiga injin kansa, bayan makunnin matsi. Da haka, fitila ba ta kamawa sai injin ya tashi. Idan aka gan ta a kunne alhali duk famfuna a rufe suke, an san akwai matsala. Da a ce an ɗaura ta a babban makunnin bango, da kullum a kunne take, kuma ba abin da za ta faɗa sai cewa batiri na da rai.

Wannan ita ce ƙa'idar, kuma ba ta canzawa ko da an koma sumo mai aiki da bolt 230. Tambayoyi uku ne mabambanta. Shin akwai wuta? Shin wutar ta isa injin? Shin ruwa yana tafiya? Fitilar da ke gaban makunni tana amsa ta farko kawai. Wadda ke kan wayoyin da suka nufi rijiya tana amsa ta biyu, ita ce ke hana mantuwa da ambaliya, musamman idan aka kafa ta inda ake wucewa, kusa da madafa ko ƙofar ɗaki, maimakon can bayan gida. Amma ita ma za ta ci gaba da haske lafiya lau yayin da injin ke ƙonewa a bushe, domin ita wuta take gani. Amsar tambaya ta uku tana bukatar abin da ya taɓa ruwan: ɗan makunnin da gudun ruwa ke turawa a cikin bututu, ko waya mai jin ruwa da ake ratayawa a saman injin, ko na'urar da ke lura da yawan wutar da injin ke ja, domin injin da ke juyi a bushe ba ya jan wuta kamar mai ɗauke da kaya. A tanki kuma akan sa makunni mai iyo da ke yanke wuta idan ya cika. Duk waɗannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, domin inda ruwa da lantarki suka haɗu ba wurin gwaji ba ne.

Fitilar da ta yaudari masu ita

Mai karatu zai iya ɗauka cewa bambanci tsakanin tambaya ta biyu da ta uku ƙwaƙƙwafi ne na injiniyoyi. Tarihi ya nuna akasin haka. Da asubahin ranar 28 ga Maris 1979, lokacin da shirin Funtuwa ke cikin shekarunsa na ƙarshe, wasu famfunan ruwa suka tsaya a tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island, a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Matsi ya hau, wata ƙofar rage matsi ta buɗe kamar yadda aka tsara, amma da lokacin rufewa ya yi sai ta maƙale a buɗe. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar wannan ƙofa, kuma ta nuna wa ma'aikata abin da suka fassara da cewa ta rufu. Ashe an ɗaura ta ne a kan wayar da ke aika umarni, don haka abin da take faɗa shi ne an ce wa ƙofar ta rufu. Sama da awa biyu ruwan sanyaya tukunyar yana zurarewa, ƙwararrun ma'aikata suna yanke hukunci bisa labarin da ba haka yake ba, har kusan rabin cikin tukunyar ya narke.

Bayan wannan hatsari masana tsara na'urori suka ɗauki darasin da muhimmanci: alama ta nuna halin da abu yake ciki, kada ta tsaya ga umarnin da aka ba shi. Da babu fitilar sam, da wataƙila wani ya nemi wata hanyar tabbatarwa tun da wuri. Kasancewarta ne ya kwantar da hankali. Da muguwar rawa, in ji masu iya magana, gara ƙin tashi.

Rijiyoyin jama'a

Yanzu mu koma ga abin da muka ajiye. Wanda duk ya bi hanyoyin Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Ɗandume zai ga tankuna a sama da allunan da ke ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin da shekarar da aka yi shi, wasu na zuba, wasu tsuntsaye sun yi sheƙa a kansu. Matsalar ba ta yankin kaɗai ba ce: ƙididdigar da masu nazarin ruwan karkara suka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta nuna cewa a kowane lokaci, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. A takardun hukuma kuwa, abin da aka saba ƙirgawa shi ne adadin rijiyoyin da aka haƙa da kuɗin da aka kashe. Bikin yanke ƙyalle fitila ce da aka ɗaura a kan wayar umarni. Tana shaida cewa an ba da kwangila, an biya, an ɗauki hoto. Ko ruwa yana fita bayan damina biyu, wannan tambaya ce da ba ta da waya zuwa ofishin kowa.

An gwada haɗa wannan waya a wani wuri. A farkon shekarun 2010 masu bincike daga Jami'ar Oxford suka saka 'yar na'ura a cikin hannun famfunan tuƙa-tuƙa a yankin Kyuso na ƙasar Kenya. Tana jin motsin hannun, tana aika saƙon waya. Idan famfo ya yi shiru, bakanike ya sani ba tare da an yi tattaki an gaya masa ba. Lokacin gyara ya sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana uku. Abin lura shi ne na'urar ba ta gyara kome ba da kanta. An haɗa ta ne da bakanike mai babur da kayan gyara da asusun biyansa. Fitila tana da amfani ne idan akwai mai kallonta wanda kuma nauyin tashi ya rataya a wuyansa.

Wannan batu ya ƙara zama na gaggawa tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Masu noman rani suka shiga neman mafita, wasu suka mai da injinansu masu shan gas, masu hali suka koma sola. Injin sola ba ya neman mai, yana tashi da hantsi ya tsaya da yamma ko da kowa ko babu kowa. Wannan rahama ce, musamman a sassan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda rashin tsaro ya sa daɗewa a gona ya zama kasada. Amma hakan na nufin birki na ƙarshe, wato ƙarewar fetur, shi ma ya tafi, kuma muryar da manomi ya saba saurara ta ɗauke. Masu ƙera akwatunan sarrafa injin sola sun san da haka, shi ya sa nagartattun cikinsu ke zuwa da fitilu daban-daban, na rijiya ta ja baya da na tanki ya cika, da wayar jin ruwa da ake zurawa tare da injin. Idan mai haɗawa ya bar wannan waya a cikin kwali don ya rage aiki, fitilar da ke kanta za ta zauna shiru har ranar da injin zai mutu.

Don haka, idan za a haƙa rijiya a gida, ko kwamitin masallaci ko na makaranta zai karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila, akwai tambayoyin da suka cancanci a yi kafin a biya kuɗin ƙarshe. Lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa, kuma an gwada ta na tsawon wane lokaci? Injin da aka saka ya dace da wannan adadi? Me zai kashe shi idan ruwa ya ja baya? Sannan a nuna fitilar da ke jikin akwatin a ce wa mai aikin: wannan, idan ta kama, me take gani, wuta ko ruwa? A kuma sa shi ya gwada a gaban kowa, ya katse abin da fitilar ke tsaro a ga ko za ta canza. Kakanninmu masu jigo sun san halin ruwansu domin a kafaɗarsu yake. Mu da muka sauke wannan nauyi, abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar cewa idon da muka ɗora a madadinsa yana kallon ruwan ne da gaske.